Mutawallin Rafin Moyna

Foyzul Haque bai taɓa nufin ya tsufa a Sylhet ba. Cikin 'ya'yan Hajji Monaf su shida shi ya fi kowa ɗokin tafiya Ingila, kuma shi kaɗai ne bai tafi ba. An aura masa Rushna, 'yar dangi da ta tashi a Birmingham, an sha biki, takardunsa sun fito, har ya sayi rigar sanyi. Ana cikin haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifinsu. Babban wansu Gias Uddin ya bugo waya daga Oldham ya ce, "Ka ɗan zauna da Baba zuwa baɗi, in ya samu sauƙi sai ka taho." Baba bai samu sauƙi ba, bai kuma yi saurin tafiya ba. Kafin Allah ya karɓi abinsa furfura ta fara leƙo wa Foyzul, kuma an riga an naɗa shi mutawallin wakafin kakansu.

Wakafin ba wani abin a zo a gani ba ne. Tudu ne guda da maƙabarta a kansa, da ɗan masallaci, da jerin shaguna a gindin tudun waɗanda hayarsu ke riƙe masallacin. Sai dai kakan ya gindaya sharaɗi: mai kula da wakafin dole ya zama jininsa, kuma mazaunin unguwar. Jinin ga shi nan birjik, amma duk yana Ingila. Kowannensu ya aiko an gina masa bene a farfajiyar gado, ya kulle, ya bar wa Foyzul makulli. Rushna ta haƙura ta zauna da shi har 'yarsu Lipi ta yi aure a Birmingham, sannan ta bi ta. Ranar tafiyarta ta ce, "Na ba ka ƙuruciyata a garinku. Ka zo ka ba ni tsufanka a nawa." Ya ce zai zo da zarar ya sami wanda zai miƙa wa amanar. Shekaru suka yi ta shuɗewa bai samu ba.

Daga kuiɓin tudun wani marmaro ke ɓulɓulowa, shi ne mafarin rafin Moyna, wanda ke ratsa unguwanni ya je ya faɗa kogin Surma. A cikinsa Foyzul ya koyi iyo. Amma a zuwan Gias gida na farko, aljihu cike, kai cike da dabaru, ya shawo kan Baba aka zuba kankare aka rufe rafin daga gindin tudun har bakin titi, aka dasa shagunan a kai. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Wannan ya turo bangonsa, wancan ya juyo bututun banɗakinsa ciki, har yaran yanzu suka tashi ba su san sunan Moyna ba, kwata kawai suke cewa.

Shagon farko a kan kankaren na Lechu Mia ne mai shayi, abokin Foyzul tun firamare, kuma mutum ɗaya tal a unguwar da ke iya tsokanarsa a bainar jama'a.

"Ga mai gidaje biyar, mai kwana a ɗaki ɗaya," in ji Lechu da ya hango shi wata safiya a ƙarshen rani. "Zauna. Yau baƙi gare ka. Tun ɗazu suke leƙen ƙarƙashin shagona kamar sun ba ni ajiya."

Foyzul ya san ko su wane ne. Tun bayan ambaliyar bara hukumar birni ta fara buɗe rafukan da aka toshe, ta faro daga bakin kogi tana hawowa, kullum ƙarar katafila na ƙara matsowa. Ba ita kaɗai take aikin ba. Akwai wata ƙungiyar amana da ke karɓar filayen da rafuka ke fitowa, kyauta ko aro, ta dasa itatuwa ta hana a taɓa su. Hukuma na fasa kankare tana gyara gaɓa, ƙungiyar na tsare tushen ruwan. Baƙin su biyu ne: Injiniya Tanvir na hukuma, matashi riƙe da laima, da Shompa Dey ta ƙungiyar, mace mai jan ɗigo a goshi, takalmin robarta duk taɓo.

"Mutawalli Saheb," in ji ta cikin girmamawa bayan an gaisa, "ba sayen ƙasa ya kawo mu ba, mun san wakafi ba ya sayuwa. Izini muke nema. Hukuma ta ɗauke kankaren nan, mu kuma ka bar mana kuiɓin tudun mu dasa gora da itatuwa, don ƙasa ta daina zaizayowa cikin ruwan."

"Duk abin da muka buɗe a can ƙasa aikin banza ne muddin nan yana toshe," in ji injiniyan. "Bakin kankaren ya cike da yashi da leda, ko akuya ba za ta shige ba. Ruwan tudu in ya sauko ya rasa hanya, Layin Kwari yake faɗawa."

"Mu kuma fa?" in ji Lechu yana juya madara. "A kogin za a juye mu?"

"An gina rumfuna kusa da tashar mota. Kowane mai shago a nan yana da guda, hayar kuma ta masallacinku ce kamar da," in ji injiniyan.

"Tashar mota." Lechu ya yi 'yar dariya, ya juya ga Shompa, wadda ake kira Didi, wato yaya, kamar yadda ake ce wa namiji Bhai. "Didi, kin taɓa shan shayin tasha? Ruwan zafi ne da sukari, a miƙa wa mutum ta tagar bas, ya kurɓa ya tsine maka ya wuce. Ni shayina na zama ne. Mutanen nan na san wanda likita ya hana sukari, na san wanda matarsa ta hana zuwa nan. A tasha wa na sani?"

Shompa ta karɓi kofin da ya miƙo mata, ta sha. "Ban ce ba asara ba ce, Lechu Bhai. Asara ce." Ta dubi Foyzul. "Ofishin wakafi ya ce abin da mutawalli ya yarda da shi, shi za a bi. Muna so a gama kafin damina."

Foyzul ya ce zai yi shawara da 'yan'uwa. Amma tun tana magana wani tunani ya tsirga masa. In ƙungiya ta riƙe tudu, shaguna suka koma hannun hukuma, me ya rage? Masallaci, liman ya isa ya kula da shi. Ya ji ƙirjinsa ya buɗe kamar an zare sakata. Sai kuma ya tuna a kan bencin wa yake zaune, ya sunkuyar da kai cikin kofinsa.

Da la'asar, lokacin da masu aikin gidajen abinci a Oldham ke tashi daga barci, ya kira Gias. Bai kai ƙarshen bayani ba wansa ya tare shi.

"Kada ka kuskura. Kankaren nan da wankin tukwane na zuba shi, hannuna har yau bai koma daidai ba. Baba da bakinsa ya sa masa albarka. Yanzu wata mata ta zo da takalmin roba ta ce a fasa, kai kuma ka ce to?"

"Gias Bhai, mutanen Layin Kwari a kan gado suke dafa abinci duk damina."

"Wa ya ce su yi gini a kwari? Ka ji ni da kyau. Na yi magana da wani mai gine-gine, za a yanke bayan tudun nan a tayar da benaye, wakafin ya zama wakafi na gaske. In ka ba su kuiɓin, ka kashe maganar."

"Ƙaburbura ne a saman."

"Na ce baya, ban ce sama ba. Kai dai riƙe makulli ne naka, ka bar mana tunani."

Sauran 'yan'uwan, duk wanda ya kira sai ya ce abin da Gias Bhai ya ce shi ne. Rushna kaɗai ta saurare shi har ya gama.

"In ka yarda musu, za ka iya tahowa?" ta tambaya.

"Ina ganin haka."

"To ka yarda mana. Jikanka ya fara tafiya, a waya kawai ya san ka. Jiya an nuna masa hoton wani tsoho a jarida ya ce kai ne."

Bai yarda ba, bai kuma ƙi ba. Ya yi ta cewa ana shawara. Masu shaguna suka fara zuwa ƙofar gaba, tela da mai magani da mai gyaran katifa, kowa da labarin 'ya'yansa. Mutanen Layin Kwari suka gano ƙofar baya. A masallaci in ya yi sallama dama, mai shago ne ke kallonsa, in ya yi hagu, mai gida a kwari ne. Ya daina zama bayan salla. Ya koma aika mai riksho, keken haya, ya yi masa cefane, yana wuni a farfajiya tsakanin benaye biyar da ba kowa a cikinsu, yana buɗe tagogi don kada fumfuna ta ci labule, da yamma ya bi ya rufe. Katafilar hukuma ta iso bakin titi, daidai inda iyakar wakafi ta fara, ta tsaya. Aka lulluɓe ta da tamfol, sannan damina ta sauka.

Ruwan farko-farko ya wuce da sauƙi. Sai aka shiga wani mako da sama ta ƙi ɗaukewa. Ruwa ya sauko daga tudu ja wur, ya daki bakin kankaren ya dawo, ya karkata ya cika Layin Kwari, ya haɗu da abin da ke cikin kwatoci da masai. A ranar da ya fi yawa, da hantsi, Sobhan Masta, tsohon malamin makaranta, ya rasu a gidansa da ke layin.

Ba ruwan ne ya kashe shi ba, tsufa ne. Ya daɗe a kwance. Shi ya koya wa Foyzul da Lechu da rabin unguwar karatu, kuma tun da ransa ya roƙi a binne shi a kan tudu kusa da mahaifiyarsa. Mai buɗe maƙabarta kuwa mutawalli ne. Foyzul ya naɗe zanen lunginsa ya sauka.

A bakin layin ruwan yana gwiwa. Kafin ya kai gidan mamacin ya kai masa ƙugu, baƙi, mai maiƙo a sama, leda da ɓawon kwakwa na yawo a kai. An yi wa gawar wanka a kan teburi biyu da aka ɗora bisa gado. Matarsa Piyara, wadda kowa ke kira Khala, wato inna, tana zaune a kan kabad da ƙafafunta a naɗe, carbi a hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi masa gori ba.

"Foyzul, ka zo?" ta ce. "Ku kula mini da likkafaninsa. Mutum ne mai tsabta. Ko alli bai yarda ya taɓa masa riga ba."

Aka ɗaure kututturan ayaba za a ɗora makara a kai a tura, sai aka ga layin ya yi ƙunci a kwana, ba za ta juyu ba. Dole sai a kafaɗa. Mutum shida suka shiga ƙarƙashinta. Foyzul na gaba ta dama, da ya waiga hagu sai ya ga Lechu, ya rufe shago ya zo, gajere ne, ruwan har ƙirjinsa. Suka fara tafiya suna laluben ƙasa da ƙafa, ana kalmar shahada ƙasa-ƙasa don ba mai son buɗe baki sosai. Mata na kan rufin kwano da yara suna kallo.

A tsakiyar layin akwai kwata da murfinta ya daɗe da karyewa. Kowa ya san da ita in ƙasa a bushe take. Ƙafar Lechu ta faɗa ciki. Ya nutse har wuya, makarar ta karkata, kafin na baya su tallafe gefen ƙafafun mamacin ya tsoma cikin ruwan. Ba a daɗe ba aka ɗago. Amma farin ƙyallen ya riga ya sha, daga gwiwa zuwa ƙasa ya koma launin toka, wani abu baƙi ya manne a jiki. Lechu ya fito yana tari, ya mayar da kafaɗarsa inda take, aka ci gaba.

A kan tudu liman ya ce a sake likkafani. Aka aika gidan tela, aka tsaya jira a ƙarƙashin laimomi. Masu ɗaukar makara suka gangara wurin marmaro su wanke jiki kafin salla. Ruwan na fitowa daga tsakanin duwatsu garau, da sanyi har cikin haƙori. Foyzul ya tsuguna yana cuɗa ƙafa, Lechu na gefensa yana kurkure baki yana tofarwa.

"Na san abin da kake tunani," in ji Lechu, bai dube shi ba.

"Ban ce komai ba."

"Tun muna aji uku in za ka yi abu kunnenka ke ja. Ka ji, ni na faɗa ramin, ni na ɓata wa Masta likkafani, har in mutu ba zan manta ba. Amma in ka fasa shagon nan ka fasa ni. Ba ni da wani wuri, ba ni da ɗa a Landan. Kada ka ce ban gaya maka ba."

Aka kira salla.

Da ruwa ya janye ya aika wa Shompa. Ta zo suka hau tudu tare, tana nuna masa inda ƙasa ta tsage, inda za a sa gora, inda za a sa itacen hijol mai son ruwa. Ya bar ta ta gama, sannan ya yi tambayar da ta kawo shi.

"Didi, in na yarda, ƙungiyarku za ta iya riƙe wurin nan gaba ɗaya? Iyalina suna Ingila. Na daɗe ina so in bi su."

Ta tsaya, ta dube shi sosai. Daga yadda fuskarta ta canza ya gane amsar.

"Da ƙasarka ce ta kanka, da sai ka ba mu ka tafi, mu riƙe har abada. Wakafi ba ya shiga hannunmu. Mu baƙi ne a nan, da izinin mutawalli muke shigowa, kuma wanda ya gaje ka yana iya janye izinin. In ka bar unguwar, wa za a naɗa?"

Foyzul ya sani. Akwai wani ɗan baffansu a ƙauye da Gias ke aika wa kaya duk salla. Ɗaki ɗaya za a buɗe masa a farfajiya ya zama mazaunin unguwa.

"Sai yaushe ke nan?" ya tambaya.

"Sai itatuwan sun kama ƙasa, sun yi girman da kowa zai ji kunyar sare su. Sai mutanen unguwa sun saba da rafin har ba za su yarda a sake rufe shi ba." Ta juyo ta dube shi. "Ba zan yi maka ƙarya ba, Mutawalli Saheb. Ba aikin shekara biyu ba ne, ba na biyar ba. Ka yi tunani. In ka ce a'a ba zan ga laifinka ba."

Ya tsaya yana kallon ƙasa. Daga nan ana ganin komai: rufin shagunan, hayaƙin murhun Lechu, Layin Kwari da katifu a shanye bisa kowane bango, sabon ƙabarin Masta da ƙasarsa ba ta bushe ba. In ya ƙi, zai zauna yana jiran wata gawar. In ya ajiye mutawallin ya tafi, za a yanke tudun da iyayensa ke kwance. In ya yarda, ya ƙara wa kansa ƙusa. Ya juya abin ta kowace fuska bai ga ƙofa ba.

"Ku kawo katafilarku," ya ce.

Sai da rani ya shigo aka fara. Tela da mai magani da mai katifa suka kwashe kayansu zuwa tasha, suna gunaguni amma sun tafi. Lechu ya zauna a shagonsa har safiyar ranar, ya dafa shayin ƙarshe ya ba ma'aikatan hukuma, ya hana Foyzul. Sannan ya ɗora murhu da benci a kan amalanke ya tura da kansa, bai bari kowa ya taya shi ba. A tasha bai yi wata uku ba ya mayar da rumfar, ya koma ƙauye wurin 'yarsa. Foyzul ya je har can sau biyu. Na farko aka ce yana barci. Na biyu ya fito suka gaisa kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa a mota, ya tambayi lafiyar Rushna, ya koma ciki.

Abin da aka tarar a ƙarƙashin kankaren sai da aka yi makonni ana kwasa. Wari ya hana unguwar sakat, mutane suka yi ta zagin mutawalli da ya tono musu masifa. Daga baya ruwan ya fara gudu, da farko baƙi, sannan ruwan ƙasa-ƙasa. Injiniya Tanvir ya jera duwatsu a gaɓa, ya sa aka karkatar da bututun banɗakuna. Shompa ta kawo 'yan makaranta da matan Layin Kwari suka dasa kuiɓin tudun. Awaki suka cinye rabi, aka sake dasawa, aka kewaye da gora. Foyzul ya sami sabon aiki a kan na da: korar awaki, da faɗa da masu zubar da shara in sun ga ba kowa. Da damina ta dawo, ruwa ya shiga Layin Kwari iya idon sawu, ya fita a ranar. Kansila ya zo aka ɗauki hoto.

Rushna ba ta yi faɗa ba da ya gaya mata a waya yadda abin yake.

"Wato ba ka zuwa."

"Zan zo ziyara."

"Wa za ka bar wa awakin?" Ta yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. "Na auri mai takardun tafiya, ashe mai gadi na aura. Shi ke nan. Zan zo da sanyi in ga wannan rafi da ya fi ni."

Gias kuwa bai sake kiransa ba. Saƙonsa ta ofishin wakafi ya iso: shi da sauran 'yan'uwa huɗu sun shigar da ƙara a tsige Foyzul, wai ya rushe dukiyar wakafi ya shigo da bare. Sun ba da sunan ɗan baffan nan a matsayin wanda zai gaje shi.

Ranar zaman, Foyzul ya sa farar riga ya hau riksho. Ɗakin ƙarami ne, fanka na juyawa a hankali. Ɗan baffan yana zaune a gefe cikin sababbin kaya, ya kasa haɗa ido da shi. Lauyan Gias ya yi magana mai tsawo. Shompa da injiniya suka faɗi nasu. Piyara Khala ma ta sa an kawo ta, ta zauna a baya da sandarta, ba a tambaye ta komai ba. Jami'in, dattijo mai jan baki saboda taunar ganyen pan, goron ƙasar, ya saurari kowa, sannan ya cire tabarau ya dubi Foyzul.

"Ban ga inda ka ci amana ba. Amma na ji an ce iyalinka suna waje, kuma ka daɗe kana neman mai karɓarka. In haka ne ba sai mun wahalar da juna ba. Ka ce ka sauka, a naɗa wannan, kowa ya huta, zumunci ya tsira. In kuma ka ce kana nan, 'yan'uwanka sun ce za su wuce kotu, ka kuwa san kotu, sai ka yi ta zarya har ƙafarka ta gaji. To, me ka ce? Kana son ci gaba da riƙewa?"

Tun yana da baƙin gashi yake jiran ranar da wani mai iko zai ce masa ajiye ka tafi. Ga ta ta zo, a ɗaki mai fanka, cikin ruwan sanyi. Ya tuna Rushna tana tsufa a wani ɗaki da bai taɓa gani ba, da yaron da ke nuna tsofaffin jarida. Ɗan baffan ya ɗago kai a karo na farko, yana jira.

"Ina so," in ji Foyzul.

"Ɗaga murya, fankar nan ta cika ƙara."

"Na ce ina so, ranka ya daɗe."

Jami'in ya mayar da tabaransa ya rubuta. Lauyan ya tattara kayansa ya fita yana danna waya. A waje Shompa ta matso za ta yi magana, Foyzul ya ɗaga mata hannu alamar ta bari, ta bari. Ya taimaka wa Piyara Khala ta hau riksho, ya zauna gefenta don hanyarsu ɗaya. Tsohuwar ta yi ta ba shi labarin ciwon gwiwarta da tsadar busasshen kifi, yana cewa haka ne, Khala, haka ne, har suka iso unguwa.